Firizar Bobe Fruma

Tun shekaranjiya aka ɗauke wuta a unguwar Villa Crespo, ga zafin Fabrairu kamar zai gasa mutum da ransa. Da safiyar Juma'a Dalia ta ɗaga murfin firiza, ta danna robar da ke sama da yatsa, ta ji ta fara laushi. Ta mayar da murfin da sauri.

Firizar ta kakarta ce, Bobe Fruma, wadda ta rasu da sanyin bara bayan ta haura casa'in. Irin doguwar nan ce mai murfi a sama, ta cinye rabin kicin. Da dangi suka bar wa Dalia da mijinta Gastón ɗakunan tsohuwar a hawa na huɗu, sharaɗi ɗaya suka gindaya: kada a taɓa abin da ke cikin firiza. Girkin Bobe ne na ƙarshe. Romon kaza, nama da karas, ganyen kabeji naɗe da niƙaƙƙen nama, da kinishe, 'yan dunƙulen nan masu cike da dankali da albasa, duk a cikin tsofaffin robobi marasa rubutu. Mama, mahaifiyar Dalia, ta ce za a ci idan ranar da ta dace ta zo. Watanni sun shuɗe ranar ba ta zo ba. Ba a ci ba, ba a zubar ba, sai dai a zo a ɗaga murfi, a leƙa, a share ido.

Dalia ba ta ci ko ɗaya ba. Matsar da su kawai ta yi, ta samu lungu a gefen hagu, ta jera 'yan ledojin nononta ba tare da ta gaya wa kowa ba. 'Yarta Frumi, takwarar marigayiyar, bakwaini ce, kuma madarar gwangwani ba ta karɓe ta. Da ta sha sai amai, jiki ya feso da ƙuraje. Ranar Litinin za a yi wa Dalia aikin matsarmama, likita ya ce za ta yi kwanaki ba ta shayarwa. Shi ya sa ta yi makonni tana tatsa, yau kaɗan gobe kaɗan, har fatar ƙirjinta ta tsattsage. Abin da yarinyar za ta sha ke nan idan uwarta na kwance a asibiti, babu wani.

Gastón ya bi layi a gidan mai tun asuba, ya samo ƙanƙara jaka ɗaya. Kula ɗaya suke da ita, wadda suke zuwa bakin teku da ita. Dalia ta jera nonon a ciki, ta zazzage ƙanƙarar a kai, ta rufe ruf. Gastón ya sake fita neman aron mota, don ya kai kular gidan ƙanwarsa a can Belgrano, inda suke da wuta da ɗan gurbi a firij.

"Kafin yamma zan dawo," ya ce. "Kada ki buɗe ta."

"Ni za ka gaya wa?"

Ta yi wa Frumi wanka, ta shayar da ita, ta kwanta kusa da ita da niyyar miƙe baya kawai. Barci ya ɗauke ta.

Ƙarar jan kujera ce ta tashe ta. Ba ta tsorata ba, don babu wanda ba shi da makullin gidan Bobe a danginsu. Ta fito tana gyara riga, ta tsaya a ƙofar kicin.

Mama, wato Mirta, tana zaune tana fifita da murfin tukunya. Wanta, Kawu Natalio, yana tsugune gaban kula, rigarsa sharkaf da gumi, yana cusa robar romo cikin ƙanƙara. Ledojin nono kuwa suna kan tebur, a tare wuri ɗaya, daidai inda rana ke shigowa ta taga.

"Wa ya fitar da waɗannan?"

"Barka da tashi, gimbiya," in ji Kawu. "Lif ba ya aiki. Hawa huɗu na hau da wannan gwiwar, ke kina sharar barci."

"Kawu, wa ya fitar da su?"

"Ni ne. Romon Bobe zai lalace."

"Nonon Frumi ne!"

"Ai na gani, ba makaho ba ne ni. Shi ya sa na fitar. Nono da nama a kula ɗaya? Girkin Bobe?"

Dalia ta riga ta isa tebur, tana latsa ledojin ɗaya bayan ɗaya. Na ƙasa suna da sauran tauri. Na sama sun zama ruwa, har sun ɗan yi ɗumi. Wanda ya narke ba ya komawa firiza, yau za a sha shi ko a zubar.

"Tun yaushe suke nan?"

"Ba mu daɗe ba," in ji Mama. "Mun ɗan huta, mun sha ruwa, Natalio ya sha maganinsa..."

"Kai ne kake maganar nono da nama, Kawu? Kai da kake cin naman alade da cuku a burodi ɗaya kullum safe a shagon kan kwana? Mai shagon har sunanka ya sani."

"Cikina nawa ne. Wannan kuwa nata ne."

"Ku bar wannan," in ji Mama. Ta ajiye murfin tukunyar a hankali. "Dalia, ki dube ni. Kafin yau, a ina kike ajiye su?"

Dalia ta ci gaba da ware ledoji.

Mama ta dafe ƙirji. "A firizar? Natalio, ka ji? A firizar! Shekara arba'in ko ƙamshin man shanu bai shiga firizar nan ba!"

Gaskiya ne, kuma Dalia ta fi kowa sani. Addininsu na Yahudanci ya hana haɗa nama da nono, shi ya sa a kicin ɗin Bobe komai biyu ne: faranti biyu, tukunya biyu, tsumman goge hannu biyu, ja na nama, shuɗi na nono. Doka ba ta hana a ajiye abu rufaffe kusa da abu rufaffe ba, amma Bobe tana ganin malaman da suka rubuta dokar maza ne, ba su taɓa wanke kwano ba. Dalia tana 'yar shekara shida ta yanka cuku da wuƙar nama. Bobe ba ta doke ta ba. Ta ɗauki wuƙar ta soke cikin ƙasar tukunyar shuka a baranda, ta ce sai ta tsarkaka, kuma duk baƙon da ya zo sai an fita da shi an nuna masa wuƙar, an nuna masa Dalia.

"Mama, nonon mutum ne, ba na saniya ba."

"Nono nono ne," in ji Kawu.

"Bari in kira rabbi, malaminmu," in ji Mama, ta shiga lalube a jaka. "'Ya'yansa tara, dole ya san wannan." Ta fito da waya, ta danna, ta girgiza ta. Babu caji.

Dalia ta durƙusa gaban kula ta fara fitar da robobi tana dire su a ƙasa. Kawu ya cafke ta romon ya rungume.

"Kin san abin da wannan romon ya yi mini?"

"Na sani, Kawu."

"Ba ki sani ba. Lokacin mulkin soja, ina ɗan shekara ashirin, ina ɓoye a bayan shagon wani tela a Avellaneda..."

"Bobe ta hau bas da kwalbar romo naɗe da tawul. Na sani."

"Sojoji suka tsayar da bas ɗin. Su takwas."

"Bara su biyar ne."

"Su takwas! Ɗaya ya nuna kwalbar da bindiga ya ce mene ne wannan. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, kai ɗan nan, uwarka ba ta ba ka abinci ne? Ta ciro kinishe ta danƙa masa. Matar da ba ta kai kafaɗarsa ba! Duk mako sai ta zo, ko ana ruwa ko ana iska, kuma duk zuwa sai ta yi mini faɗan ban aske gemu ba."

Dalia tana mayar da ledoji masu tauri cikin ƙanƙara, tana tura su can ƙasa. Ta ji labarin nan a bikin aure, ta ji shi a zaman makoki, ta ji shi ranar da aka raɗa wa Frumi suna. Sai dai yau Kawu bai ƙarasa da dariyar da ya saba ba. Ya dubi robar da ke hannunsa, ruwa yana ɗiga daga gindinta zuwa kan wandonsa.

"Idan wannan ya ƙare," ya ce, "babu wani."

Hannun Dalia ya tsaya. Ta tuna Bobe a wannan kicin ɗin bara, bayanta ya ranƙwafa, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya yana juya tukunya. An haife ta a gonakin alkama na Entre Ríos, a shekarun da fara ke cinye amfanin gona, ta zo birni tana budurwa ta kama ɗinkin riguna, miji ya mutu ya bar ta da yara biyu da keken ɗinki. Da ta samu sarari abu na farko da ta saya shi ne firizar nan, kuma tun ranar ba ta yarda an ga gindinta ba. Haihuwa, zazzaɓi, saki, faɗuwa jarrabawa, duk abin da ya samu mutum sai ya buɗe ƙofa ya ga Bobe tana haki da roba a hannu. Ba ta sallama da tambayar lafiya. Mintsinin hannunka za ta yi ta ce ka rame.

"Da tana nan," in ji Mama, "da ba za ta yarda a haɗa su ba."

"Da tana nan," in ji Kawu, "da ba za ta bari romonta ya lalace ba."

Suka zuba wa Dalia ido, kowa yana jiran ta ɗauki nasa.

"Ban san abin da za ta ce ba," in ji Dalia. "Faɗa dai na tabbata za ta yi mana, mu duka ukun. Amma ba ta nan. Wadda ke nan tana ɗaki, kuma ranar Litinin za ta ji yunwa."

Ta rufe kula, ta zauna a kan murfin, ta naɗe hannu.

"Dalia, tashi."

"Ba zan tashi ba, Kawu. In kana son ƙanƙarar nan sai ka ɗaga ni."

"Mirta, ki yi wa 'yarki magana."

Mama ta buɗe baki, sai Frumi ta callara kuka daga ɗaki. Mama ta miƙe zumbur. "Uwata ta tashi! Ina zuwa, uwata, ina zuwa, kada ki ji waɗannan mahaukatan." Ta shige ɗaki ta bar ɗan'uwanta tsaye da roba.

"Gas yana aiki," in ji Dalia. "Rana ba ta faɗi ba, hutun Shabat bai shiga ba, muna da lokacin kunna wuta. A dafa duka yau. Wanda ya lalace a zubar, wanda bai lalace ba a ci."

"Duka? Yau? Haka kawai, ranar da ba ta da suna?"

"Wace rana kuke jira? Na gaji da zama da firizar da nake jin tsoro a gidana."

Kawu ya dubi firizar. Can ya dire robar a kan tebur da ƙarfi, ya ce, "Jar tukunya. Kada ki kuskura ki ɗauko mini shuɗiya."

Ba a yi aikin cikin daɗin rai ba. Dalia ta jawo kular zuwa gefen firiza, tana zaune a kai ake miƙo mata robobi tana buɗewa tana shinshinawa. Romon yana da sauran ƙanƙara a tsakiya. Kinishe lafiya lau. Naman da karas ma haka. Amma kabejin da ke can sama ya yi yauƙi, tsaminsa ya buge ta tun kafin ta gama ɗaga murfi.

"Wannan shara."

"Ɗumama shi za a yi," in ji Kawu. "Wuta tana kashe komai."

"Har da kai. Shara."

"Da hannunta ta naɗe su, ɗaya-ɗaya, idonta ba ya gani sosai!"

"Kana da ciwon suga da hawan jini, ga hawa huɗu babu lif. Wa zai sauko da kai?"

Ta miƙe, ƙafa ɗaya a kan kula, ta juye robobin uku a ledar shara ta ƙulle. Kawu ya juya mata baya. Tun daga nan bai ƙara yi mata magana kai tsaye ba, sai ta bakin Mama. "Mirta, ki gaya wa likitar gidan nan ina buƙatar ludayi."

Ƙamshin albasa da kitsen kaza ya cika gidan, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa ya bi matakala. Mama tana jijjiga Frumi tana ba ta ɗaya daga cikin ledojin da suka narke a kwalba, hawaye na bin kuncinta, tana kuma ba da umarni. A rage wuta. Ba haka Bobe ke jera kinishe ba. Abincin ya fi ƙarfin mutum huɗu, ga babu inda za a ajiye saura, don haka Dalia ta ce a buɗe ƙofa a kira maƙwabta. Mutanen da suka kwana biyu suna cin burodi da kifin gwangwani ba su jira kira na biyu ba. Suka zo da farantansu, Mama ta tsaya a ƙofa tana mayar da su, don ba ta san abin da aka taɓa ci a cikinsu ba. Aka fito da jajayen farantan Bobe.

Ta ƙarshen zuwa ita ce Doña Pesha ta hawa na biyar, ƙawar Bobe kuma abokiyar faɗanta tun suna ɗinki a shago ɗaya. Samari biyu ne suka sauko da ita a kan kujera, tana zaginsu. Aka zaunar da ita a gaban tebur, Kawu ya zuba mata romo da hannunsa. Kowa ya riƙe cokali yana jira. Doña Pesha ta ɗiba, ta hura, ta kurɓa. Ta yamutsa fuska.

"Gishiri," ta ce.

Duk suka bi ta da kallo.

"Me kuke kallona? Gishiri ya yi yawa. Tun da idon Fruma ya tafi take zuba gishiri sau biyu, ta zuba ta manta ta sake zubawa. Na gaya mata, ta yi wata guda ba ta gaishe ni a matakala. Ku kuwa 'ya'yanta matsorata ne, kuna sha kuna cewa ya yi daɗi."

Dalia ta ɗanɗana. Kamar ruwan teku. Ta dubi Mama, Mama ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa, ba a gane kuka take ko dariya.

"Daidai yake," in ji Kawu, yana kurɓa da ƙarfi. "Haka nake son sa."

"Kai dama ba ka taɓa sanin abinci ba, Natalio," in ji Doña Pesha. "Miƙo mini kinishe. Wannan kam ta iya, ban taɓa gaya mata ba, kuma ba zan fara yau ba."

Aka ci. Wasu suka ƙara wa romon ruwan zafi a ɓoye. Wata mata daga hawa na biyu ta ce lokacin da mijinta ya gudu, Bobe ta kawo mata abinci har mako uku, kullum tana gaya mata dama ba mijin kirki ba ne, har sai da ta gwammace yunwa. Wani ya ce shi tsare shi ta yi a matakala ta ɗinke masa maɓallin riga yana sanye da ita, ya makara wurin aiki. Kawu ya shanye faranti na biyu, ya miƙa a ƙara masa.

Rana ta kusa faɗuwa Gastón ya shigo yana haki, makullin motar aro a hannu. Ya ga gida cike da mutane, ya ga firiza a buɗe wayam, ya ga matarsa zaune kan kula.

"Me ya faru a nan?"

"Daga baya. Ɗauki."

Ta buɗe sau ɗaya ta duba kafin ta miƙa masa. Ƙanƙarar ta ragu, amma ledojin suna da tauri. Sai dai sun yi kaɗan. Abin da rana ta cinye a kan tebur ya kai abincin yini guda na Frumi, wataƙila ya fi. Saura gobe da jibi, kuma jikinta ba famfo ba ne.

Gastón ya sauka da kular a kafaɗa. Mama ta kashe gas, ta rufe kanta da mayafi, ta kunna kyandir biyu na Shabat, ta rufe ido ta yi addu'a. Da ta buɗe, kan Dalia idonta ya sauka.

"Nonon bai isa ba, ko?"

"Bai isa ba."

Kawu ya tsayar da cokali. Bai dube ta ba. "Mirta, ki gaya mata kabejin nan ban yafe ba." Ya juya cokalin a faranti. "Ki kuma gaya mata ban san ba ya komawa firiza ba."

"Tana jin ka, ba kurma ba ce." Mama ta kwashe sauran romon da ke gindin jar tukunya, ta cika kwano, ta tura gaban Dalia. "Sha. Romon kaza yana kawo nono."

"Mama, likita ya hana ni mai. Aiki za a yi mini ranar Litinin."

"Na kwashe man. Sha."

"Gishirin fa?"

"Sai ki sha ruwa, ruwa ma yana kawo nono. Natalio, miƙo mata ruwa. Pesha, ki gaya mata."

"Sha, 'yar nan," in ji Doña Pesha da kinishe a baki. "Dube ki kamar tsinke. Da me za ki shayar da yarinyar?"

Dalia ta dubi fuskokin da suka kewaye ta, kowa ya bar cin abincinsa yana jiran ta. Ta gyara wa Frumi kwanciya a cinya, ta ɗauki cokali.